Tabaran Sada Mai Rediyo

Duk wanda ya saba bin layin da ya gangaro daga hasumiyar Gobarau zuwa bakin titi ya san shagon Malam Sada, ko da bai taɓa kai gyara ba. Shago ne mai shuɗiyar ƙofa, cikinsa maƙil da matattun inbatoci da sitabilaiza da fankoki marasa fukafukai, mai shagon kuma yana zaune a kan wata kujerar mota da aka ciro tun ba a haifi rabin yaran unguwar ba. Kullum akwai tabarau a karan hancinsa. Amma in ka tsaya ka lura, za ka ga duk lokacin da zai duba wani abu ƙanƙani sai ya sunkuyar da kai ya leƙa ta saman gilashin. Mutane sun ɗauka salon tsufa ne, alhali ba shi ba ne.

A nan Gobarau aka haifi Sada, a gidan masu ɗinkin hula. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma yaron ya fi son ya farke rediyon gidan ya ga inda mai labarai yake ɓuya. Bayan ya sha duka sau uku a kan rediyo ɗaya, sai uban ya gaji ya kai shi wurin wani mai gyara a bakin kasuwa, ya ce tunda ɓarna yake so, ga gidan ɓarna nan. Yana da shekara ashirin da biyu ya buɗe nasa shagon, aka sa masa Sada Mai Rediyo. Rediyo ya ja baya, kaset ya zo ya wuce, talabijin mai ƙusumbi ya zo ya wuce, aka shigo zamanin inbata da sola, duk Sada yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana koya da hannunsa. Sunan ne kawai ya ƙi motsi. Ya yi shekara goma bai taɓa rediyo ba, amma har takardar ɗaurin auren 'yarsa Sada Mai Rediyo aka rubuta.

Abin da ya fi shahara da shi kunne ne. In aka kawo sitabilaiza, ba ya fara kwance ta. Sai ya jona wuta, ya kara kunne, ya ce kowa ya yi shiru. A cikinta akwai wani ɗan akwati da masu gyara ke kira rile, aikinsa shi ne ƙaramar wuta ta ba babbar wuta umarnin ta wuce ko ta tsaya, ba tare da sun taɓa juna ba. Ƙaramar tana bi ta wani naɗin waya ta zama maganaɗisu, maganaɗisun ya fizgo ɗan ƙarfe, ƙarfen ya haɗa hanyar babbar, sai ka ji ƙas. Daga wannan ƙas ɗin Sada yake gane komai. Ya san na mai lafiya, ya san na wanda bakinsa ya ƙone, ya san na wanda ke shirin mutuwa nan da mako guda. Kuma yana da wata magana da duk mai zama a bencinsa ya haddace:

"Abin da ba ya magana, ba a ba shi amana."

A cikin masu zama a bencin nan har da Murtala, ɗan ƙanwarsa Zuwaira, wanda tun yana firamare yake biyowa ya ga kawunsa yana narka dalma. Murtala ya girma, ya yi foliteknik, ya yi 'yan shekaru a Kaduna wurin masu kafa sola, sannan ya dawo Katsina da mata da ɗa ɗaya ya buɗe nasa wurin a kan babban titi. Sada ne ya yi addu'a ranar buɗewa, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya ya yi ta. Bai san cewa a cikin wata shida garin nan kaf zai riƙa kiran yaron Injiniya ba.

Injiniya! Kalmar nan ita ta fara cin Sada. Shi da ya shekara talatin da biyar yana shaƙar hayaƙin dalma, yatsunsa duk tabon ƙuna, yana nan a Mai Rediyo, ga wanda ya share wa majina jiya-jiya ya zama Injiniya. Kuma abin haushi, ba wanda zai kama da laifi. Da Murtala mai girman kai ne da an samu abin faɗa, to yaron ko a gaban manyan masu ba shi aiki ya hango kawunsa sai ya sauka daga babur ya durƙusa. Wannan ladabin ma ƙara wa Sada zafi yake yi, don mutum ya fi jin daɗin ƙin wanda ya ba shi dalili. Zuwaira kuma ba ta taimaka ba. Duk zuwan da za ta yi gidan, kafin ta ajiye mayafi ta fara: Injiniya ya yi wa asibitin kuɗi aiki, Injiniya ya tafi Daura, Injiniya ya ce a gaishe ka.

"Wai ke ba ki san sunan da kika raɗa mashi ba ne?" in ji Sada wata rana.

Zuwaira ta yi dariya ta ɗauka wasan yaya da ƙanwa ne. Rahmatu matar Sada kuwa ba ta yi dariya ba. Da baƙuwa ta tafi, sai ta ajiye masa kwanon tuwo ta ce, "Malam, ɗanka ne fa. In ya yi sama ai kai ka ɗaga shi."

"Mi na ce? Na ce wani abu ne?"

"Ba ka ce ba. Fuskarka ce ta ce."

Akwai wani abu da Murtala ya zo da shi daga Kaduna wanda ya tsaya wa Sada a maƙogwaro. Wani baƙin akwati ne kamar gidan ashana, da noti huɗu a kusurwoyinsa. Aikin rile yake yi, amma ba naɗin waya a ciki, ba ƙarfe mai motsi. Wani ɗan haske ne ke kai saƙo daga ƙaramar wuta zuwa babba, don haka ba ka jin komai. Murtala yana da wani sunan Turanci da yake kiransa, Sada kuwa ya sa masa bebe, har sunan ya bi shi a kasuwa. A bainar jama'a Sada ya ce shi ba zai taɓa sa bebe a kayan mutane ba. A ɓoye kuma ya je Babbar Kasuwa rumfar Mati mai sayar da kayan lantarki, ya sayi guda uku, ya ce wani ne ya aiko shi daga Jibiya.

Ya rufe ƙofar shago da rana tsaka, ya sa kurfi da guduma ya fasa ɗaya ya ga cikinsa. Sauran biyun ya yi mako biyu yana gwada su da ƙwan mota da batir biyu. A nan ya gano abin da ya faranta masa rai. Beben nan iri biyu ne, kamarsu ɗaya kamar tagwaye, bambancinsu harafi ɗaya ne a ƙarshen lambar da ke jikinsu: mai A na wutar Nepa ne, mai D na wutar batir da sola. Wutar Nepa kai-komo take yi, kuma duk juyawar da za ta yi sai ta ɗan sauka ƙasa kamar ƙiftawar ido, a wannan ɗan hutun ne mai A yake samun damar sakinta. Wutar sola kuwa miƙewa take yi sambal ba hutu. In ka yi kuskure ka sa mata mai A, zai kunna lafiya lau, amma in ka ce ya kashe ba zai kashe ba. Sada ya cire umarnin, ƙwan ya ci gaba da ci. Ya zauna yana kallonsa yana murmushi, ya ce a ransa ashe abin na Injiniya ma yana da aibi. Ƙyashi malami ne mai naci, ya koya wa Sada a mako biyu abin da bai yi niyyar koya ba har ya mutu.

To a cikin masu kawo wa Sada gyara babu wanda yake ji da shi kamar Alhaji Hamman, wani Bafillatani da ya zauna da iyalinsa da shanunsa a bayan Batagarawa. Shekara ashirin ke nan ba wanda ke taɓa wa Alhaji ko tocila sai Sada. Duk sallah sai ga ƙwaryar man shanu ta iso gidan, kuma in Sada na son ya nuna wa mutum shi ba ƙaramin mai gyara ba ne, sai ya ce, "Je ka tambayi Alhaji Hamman." Da kiwo ya yi wuya, nisa da gida kuma ya zama abin tsoro, Alhaji ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, aka sa mata famfo mai aiki da sola da babban tanki a sama. Damuwarsa ɗaya ce, sai an sa mutum ya tsare tankin ya kashe famfo in ya cika. Yana son abin da zai kashe kansa ya kunna kansa.

Wata safiyar Talata a tsakiyar bazara sai ga Alhaji Hamman a ƙofar shago. Sada ya miƙe ya kakkaɓe masa benci. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi shanu, aka tambayi zafi, aka koma kan iyali. Alhaji ya kwashe bayanin tanki tsaf ya faɗa, Sada yana gyaɗa kai, har ya riga ya zaɓi rilen da zai sa a ransa. Sai Alhaji ya ciro wayarsa ya miƙo.

"Shi ne na ce bari in biyo ta wurinka, Malam Sada, ka sa mani lambar Injiniya ɗan ƙanwarka. An ce shi ne gwanin irin wanga aiki na zamani."

Da hannunsa Sada ya danna lambobin goma sha ɗaya, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Ya raka Alhaji har bakin titi, ya ce a gaida gida. Da ya dawo ya zauna, ƙarfen dalma ya ƙone masa hannun riga bai sani ba sai da ya ji ƙauri. Baƙin ciki ne tsantsa ya cika shi, irin wanda mutum ke jin kunyar faɗa ko wa matarsa. Rahmatu ta ga ramin ƙunar a rigar, ta ga an dawo da abincin rana ba a taɓa ba, ta dai ɗauki rigar ta ɗinke ramin.

Ranar Alhamis Sada ya shiga Babbar Kasuwa sayen dalma. Yana tsaye a rumfar Mati sai ga Murtala a gurguje, waya a kunne, gumi har wuya. Ya katse wayar ya durƙusa.

"Kawu, ina kwana? An tashi lahiya? Ya Inna Rahmatu?"

"Lahiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Aikin Alhaji Hamman ne za ni jibi, ya ce kai ka ba shi lambata. Na gode, Kawu, Allah ya ƙara girma." Ya juya wurin mai rumfa. "Mati, ba ni bebe mai ɗaukar wuta amp arba'in, na sola."

Mati ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, inda masu A da masu D suke a cakuɗe kamar gyaɗa, ya lalubo ɗaya ya miƙa. Daidai nan wayar Murtala ta sake ruri. Sai ya karɓi beben ya ɗora a tafin kawunsa ba tare da ya kalla ba.

"Kawu, duba mani don Allah," ya ce, ya matsa gefe yana amsa kira.

Sada ya juya abin a hannunsa. Rana tana haska rubutun tar, kuma idonsa a lokacin yana iya karanta lambar da ke jikin abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. A ƙarshen lambar ga A nan zaune, ƙatuwa. Ya san abin da zai faru kamar ya riga ya gani: famfo zai tashi, ruwa zai hau, tanki zai cika, beben zai ƙi saki. Maganar ta taso masa har bakin leɓe, don shekara talatin da biyar bai taɓa barin kaya mara kyau ya wuce ta hannunsa ba. Kalma huɗu ce kawai, ba shi ba ne. Ya buɗe baki ke nan sai Mati ya ɗaga murya.

"Injiniya, a sa maka a leda?"

Sada ya rufe bakinsa. Ya miƙa wa Mati beben, Mati ya jefa a baƙar leda ya ƙulle. Murtala ya gama waya, ya karɓi leda, ya sake durƙusawa ya yi sallama, ya hau babur ya tafi.

A hanyar gida Sada ya yi ta ba kansa hujja, kuma mai neman hujja ba ya rasawa. Ai yaron ya yi boko, zai karanta kafin ya ɗaura. Ai ba shi ya ɗauko ba, Mati ne. Ai bai yi ƙarya ba, bai ce komai ba. In ma an ɗaura, iyaka tanki ya yi ambaliya a jiƙa ƙasa, Alhaji ya gane cewa zamani ba ya maye gurbin sani. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ciro waya sau biyu, ya nemo sunan Murtala, ya tsaya yana kallo. Duk sau biyun sai ya tuna hannunsa yana danna lambar nan a wayar Alhaji, ya mayar da tasa aljihu.

Asabar ta wuce shiru, Lahadi ma haka. Sada ya rasa abin da yake so, in ya ji waya ta yi ƙara gabansa ya faɗi, in ta yi shiru kuma ransa ya ɓaci. Ranar Litinin da la'asar kiran ya zo.

"Malam Sada," in ji Alhaji Hamman, muryarsa a dushe, "da tsohuwar zuma ake magani. Na yi kuskure. Ka zo."

Ba zan ɓoye ba, daɗi Sada ya ji. Daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya sa aka wanke masa babur, ya zaɓo wani ƙaton rile da aka ƙera musamman don wutar sola, mai ɗan maganaɗisu a gefen bakinsa da ke kashe tartsatsi, ya goge shi da hannun riga. Alhaji ya ce sai Laraba za a samu sabon famfo, don haka ranar Laraba da hantsi ya kama hanyar Batagarawa yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi.

Kukan shanu ne ya fara tarar sa tun kafin ya hango gidan. Abin da ya faru ya wuce ambaliyar da ya ƙiyasta. Kwana biyun farko tankin bai cika ba saboda shanu suna shanyewa, shi ya sa ba a ga komai ba. Ranar Litinin ya cika da wuri, maza sun fita da garke, mata suka ga ruwa na zuba suka ɗauka haka sabon aikin yake, suka tara bokitai suna murna. Famfo ya yi ta ja cikin zafin bazara har ruwan rijiyar ya yi ƙasa, ya koma jan iska, ya ƙone. Abin da ya rage a tanki garke ya shanye da ya dawo, yau kwana biyu ke nan ba ɗigo. Shanu sun kewaye busasshen kwami suna lasar siminti. Matan gidan sun tafi da jakuna neman ruwa a wani ƙauye. A gindin wata bishiyar gawo an lulluɓe wani abu da buhu, siraran ƙafafu huɗu na ɗan maraƙi sun leƙo, uwar tana tsaye a kansa ta ƙi matsawa. Waƙar da ke maƙoshin Sada ta mutu a nan.

Murtala yana bakin rijiya, rigarsa duk laka, shi da mutum biyu suna zura sabon famfon da ya je har Kano ya ɗauko. Idanunsa sun faɗa. Da ya ga kawunsa ya sakar wa na kusa da shi igiya ya zo ya durƙusa, sannan ya juya ga Alhaji a gaban kowa.

"Alhaji, na faɗa maka kuma ina ƙara faɗa a gaban Kawu, laifina ne ni kaɗai. Na ɗaura na wutar Nepa a wurin na sola, ban karanta ba. Ka yi haƙuri."

Alhaji ya kau da kai. Ya kama hannun Sada ya kai shi gaban akwatin wutar.

Aikin bai ci awa ɗaya ba. Sada ya kwance beben, ya ɗaura rilensa, ya jona wayar da ta sauko daga ƙwallon robar da ke yawo a kan ruwan tanki. Famfo ya tashi, ruwa ya fara zuba a kwami, shanu suka yi caa a kai har suna ture juna. Sada ya sa aka hau sama aka ɗaga ƙwallon da hannu kamar tanki ya cika. Ƙas! Famfo ya tsaya. Aka saki. Ƙas! Ya tashi.

"Yawwa!" in ji Alhaji Hamman. "Wanga shina magana. Malam Sada, daga yau ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidan nan, kai za a kira."

Abin da Sada ya yi mako guda yana mafarkin ji ke nan, an kuma faɗe shi a gaban Injiniya. Ya laluba cikin ransa ya nemi daɗin nan na ranar Litinin, bai same shi ba. Saniyar gindin gawo ce kaɗai ba ta zo shan ruwa ba, kuma duk inda ya juya sai ya gan ta.

Yana ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur sai Murtala ya biyo shi, ya duba ya ga ba kowa kusa, ya rage murya.

"Kawu, akwai maganar da nike son yi, kada ranka ya ɓaci."

Sada ya saki igiyar da yake ɗaure jakar da ita. Ya ce a ransa shi ke nan, yaron ya gane.

"Ranar nan a rumfar Mati, ka san abin da ya sa ban karanta ba? Don na ga ka duba ne. Tun ina yaro a bencinka ban taɓa ganin abu mara kyau ya bi ta hannunka ka yi shiru ba. Da ka miƙa wa Mati, ni a wurina an gama magana." Ya ƙara matsowa. "Kwana biyu ina tunani. Sai na gane mu ne ba mu kyauta ba. Shekara nawa kana ƙura wa ƙananan abubuwa ido cikin hayaƙi, ba wanda ya taɓa tambayar ka ya idon yake. Kuma na san halinka, ko shina damunka ba za ka faɗa ba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan kwano mai murfi, ya buɗe. Tabarau ne mai baƙin firam, sabo fil.

"A Kano na gani da na je ɗauko famfo. Mai shagon ya ce irin na masu shekarunka ne. Ban gaya wa Alhaji ka duba ba, kuma ba zan gaya mashi ba. Gwada mu gani, Kawu."

Sada ya tsaya da kwanon a hannu. Wato a cikin kwana biyun da yaron nan ya yi yana jan igiya cikin laka, sunansa yana zubewa, bai iya kawo wa ransa cewa kawunsa ya gani ya yi shiru ba. Ya fi masa sauƙi ya yarda ido ne ya mutu. Yanzu kalma biyu ce ta rage wa Sada, na gani. In ya faɗe ta, ya tsira da idonsa, ya rasa wannan fuskar da ke kallonsa, ya rasa Zuwaira, kuma har abada shi ne mutumin da ya kashe maraƙin Alhaji Hamman don an kira ɗan ƙanwarsa Injiniya. In bai faɗa ba, shi ne tsohon da A da D suka gagare shi. Ya buɗe baki kamar yadda ya buɗe a rumfar Mati, kuma kamar a rumfar Mati ya rufe.

Ya ɗauki tabaran ya sa. Nan take duniya ta dagule, shanu suka zama farin hazo, fuskar Murtala ta narke.

"Ya ka gani, Kawu? Ka fi gani yanzu?"

"Na fi gani," in ji Sada.

Murtala ya cika alkawari bai gaya wa Alhaji ba, amma ya gaya wa uwarsa, wanda ya gaya wa Zuwaira kuwa ya gaya wa Katsina. Kafin wata ya ƙare mata suna zuwa yi wa Rahmatu jajen idon Malam. Masu ƙananan gyare-gyare, irin waɗanda Sada ya fi kowa iyawa, suka fara wucewa da su wurin Injiniya, wai kada a wahalar da idon tsoho. Alhaji Hamman dai yana kira, man shanu ma bai fasa zuwa ba, sai dai Sada ba ya iya cin sa. Sunan da ya shekara talatin da biyar yana so a canza masa kuma aka canza, yaran unguwa yanzu Baba Mai Tabarau suke ce masa.

Rahmatu ce kaɗai ba a ruɗa ba. Wata rana tana ɗinki a tsakar gida zare ya ƙi shiga allura, sai ta miƙa masa kamar yadda ta saba. Ya manta, ya ture tabaran kan goshi, ya zura zaren a karo ɗaya. Ta karɓa ta daɗe tana kallonsa.

"Allah ya ba ka lahiya, Malam," ta ce, "ta inda ciwon yake."

Daga ranar ba ta ƙara ta da maganar ba.

Kada wani ya ce ƙyashin ya warke. Har yau in aka ce Injiniya a kusa da shi sai wani abu ya soke shi a ƙirji, ya yi ta istigfari a ɓoye, abin ya ƙi saki. Maganarsa ta amana da abin da ba ya magana kuwa ba wanda ya sake jin ta a bakinsa, ko masu zaman benci sun jawo ta sai ya canza zance. Duk ranar Juma'a bayan masallaci Murtala yakan biyo ya gaishe shi, ya tambayi idon, wani lokaci ya cire tabaran da kansa ya goge da bakin rigarsa ya mayar masa. Kunnen Sada yana nan da kaifinsa, tun daga kwanar hasumiya yake gane ƙarar babur ɗin ɗan ƙanwarsa. Da ya ji ta sai ya ajiye abin da yake gyarawa, ya sa yatsa ya tura tabaran sama har su rufe idon, ya zauna cikin hazo yana jiran sallama.